Koriyar Ƙwaya a Carbin Inna

Carbin Inna na mahaifinta ne, wanda ya taho da ƙafa daga yamma da niyyar hajji, Allah ya zaunar da shi a Gadarif ta ƙasar Sudan. Bara da kakar riɗi ƙwaya ɗaya ta tsage ta faɗi, saura casa'in da takwas. Na kawo mata sabo daga kasuwa, ko taɓawa ta ƙi. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: kullum wuridinta da giɓi. Na ce ta riƙa cike ɗayar da baki, ta ce to, amma na san mantawa take.

Ana nan sai 'yar yayata, malamar makaranta, ta zo da wani alƙalami mai kauri. Ana zura masa zaren roba ta baya, a jona shi da lantarki, robar ta narke ta fito ta baki, ta daskare nan take. A gabana ta ja layi daga kan tire, ya miƙe sama, ya tsaya a iska! Na yi salati. Ta zana ɗan gado mai ƙafa huɗu, na ɗauka, na juya shi, na sa ta sake wani.

Na ce, "Zai yi ƙwayar carbi?"

Ta ce, "Kawu, har da jabana, butar gahawa, zai yi."

"To robar nan mai tsarki ce?"

"Butarka ta alwala da me aka yi ta?"

Ta so ta zana a jikin zaren carbin, na hana. Bakin alƙalamin zafi gare shi, zaren kuma ya tsufa. Na karyo siririn karan riɗi, na karɓi alƙalamin da kaina, ina naɗa robar a jikinsa kamar mai naɗin zare, don in na zare karan a sami huda. Ina tsoron a ɗauke wuta. Ta farko ta fito kamar kashin akuya. Ta biyu ta manne da karan. Ta shida ce ta yi, koriya shar, daidai girman 'yan'uwanta. Har ihu na yi, da furfurata.

Na kwance ƙullin, na zura ta, na ƙirga sau uku, na miƙa wa Inna. Idonta ya yi rauni, da yatsa take gani. Tana bi tana bi, sai ta tsaya.

"Wannan mai kaushin fa?"

Muka faɗa mata. Ina fatan kada ta ce a cire.

Ta juya wajen jikarta. "Ke ja'ira, da biro kuka yi wa ubana carbi?"

"Kawu ne, Hajiya, ni kallo na yi."

Ta daɗe tana murza ta. Sai ta yi bisimilla ta fara ja. Na zauna ina bin yatsunta da ido. Da ta iso kan koriyar, ta ja ta, ta wuce.