Wilson, Wa Zai Riƙe Sitiyarin Ranar Asabar?

Da safiyar Litinin, 13 ga Oktoba, 2003, Ubangiji ya kira ƙanena Wilson Tagwai, direban bas ɗin ikkilisiyarmu, a gidansa da ke Narayi. Ya tashi lafiya, ya yi addu'a da iyalinsa, ya ce wa matarsa Saratu kansa na sarawa, ya koma ya kwanta. Kafin a samo motar zuwa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Ranar Asabar za a kai shi gida, ƙauyenmu da ke bayan Zonkwa.

An ce in rubuta ta'aziyyarsa don ni ce yayarsa, kuma ni ce sakatariyar Zumuntar Mata. Na san abin da ake so in ce: mai haƙuri ne, mai ladabi ne, bai taɓa yin hatsari ba. Duk gaskiya ne. Amma wannan na ƙarshen shi ne ya sa ni zaunawa in rubuta, kuma ba don baƙin ciki kaɗai ba.

Wilson, bari in fara da alherinka, don kada a ce yayarka ta zo da faɗa bakin kabari. Kai ne kake ajiye ƙaramin benci a ƙarƙashin kujerarka, don tsofaffi masu ciwon gwiwa su taka su hau mota ba tare da an tura su ta baya kamar buhu ba. Kai ne ba ka sauke mace a bakin titi idan ruwa na sauka, sai ka shiga da ita lungu har ƙofar gida, ko da za ka wuni kana ciro taya daga laka. Kuma a watan Fabrairu na shekarar 2000, da garin nan ya kama da wuta, kai ne ka yi ta zirga-zirga da wannan tsohuwar bas daga Unguwar Mu'azu, inda gidanka yake a lokacin, zuwa tsallaken kogi, kana kwaso mutanenmu, wasu a kan cinyar wasu, wasu a kan katifu. Maƙwabcinka Dauda, bakanike, Musulmi, wanda kuka tashi tare, shi ya ɓoye motar a garejinsa, shi ya buɗe maka ƙofa ta baya. Gidanka ya ƙone. Ka dawo Narayi da zama kamar sauranmu, Dauda ya zauna can. Tun daga ranar ba ku sake haɗuwa ba.

Tun daga ranar kuma motar ta karkace.

Da farko kaɗan ne, sai wanda ya tsaya a bayanta ya lura kafaɗarta ta hagu ta sauka. Daga baya ta fara kwanciya a kwana. Idan hanya ta lanƙwasa dama, sai jikin motar ya zube hagu kamar zai bar tayoyinsa a baya, sitiyarin ya yi ta yawo a hannunka. Dattawan ikkilisiya suka zauna suka duba matsalar, suka gano ta: mata ne. Shugabansu, Dattijo George, ya ce ba ma iya zama ba, masu jiki sun taru gefe ɗaya. Daga nan aka kafa doka. Duk tafiyar da za mu yi, biki ko jana'iza, sai a tsayar da mu a harabar coci ana kallonmu kamar masu sayen tumaki, a raba mu: masu ƙiba dama, sirara hagu. Mama Deborah, wadda ta haifi 'ya'ya takwas ta binne miji, ta shekara uku ana kiranta a gaban yara, "Mama, ke ta dama ce." Tana dariya tana hawa. Ni ban taɓa yin dariyar ba.

Kai ma ka taimaka musu, ƙanena, ba da nufi ba. Idan muka doshi manyan kwanonin hanyar Kachia sai ka sassauta tun daga nesa, ka ce, "Iyayena, mu koma dama." Sai mota gaba ɗaya ta jingina dama, har mai ba da waƙa ta mayar da maganar amshi, ana tafi. Mata goma sha huɗu suna riƙe mota da kafaɗunsu suna yabon Allah, kai kuwa gumi na ɗiga daga haɓarka. Ni da ke zaune a bayanka ina ganin jijiyoyin wuyanka.

Wata Asabar bara ka aiko a kira ni. Ka ce, "Yaya, zo ki zama shaida, ke ce ake jin tsoron bakinki." Ka ajiye motar babu kowa a ciki a kan simintin gaban coci, inda ƙasa take a baje. Ka zuba ruwa a daɓen motar, ruwan ya gangara ya taru a kusurwar baya ta hagu. Ka ce, "Ina Mama Deborah a nan?" Ka gwada iskar tayoyi, daidai suke. Ka sauya na hagu zuwa dama, karkacewar ba ta bi taya ba, ta tsaya inda take. Ka danna bayan motar ta dama da hannu biyu ka saki, ta tashi ta tsaya cak. Ka danna ta hagu, ta yi ta lilo ita kaɗai, shokazoban gefen, wanda ke tsayar da lilon mota, ya mutu, mai ya jiƙe shi. Sannan ka shimfiɗa mini kwali ka ce in leƙa. Na durƙusa da zanen cocina. Ka nuna mini babban ƙarfen sifirin na hagu, mai ɗauke da nauyin motar, ya tsage a ƙarƙashin maɗaurinsa, tsatsa ta rufe tsagar. A gaba kuma, sandar ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana tana reto, robarta ta cinye, gefe ɗaya ya saki.

Na kai maganar gaban dattawa da bakina, kalma bayan kalma. Ba su ƙaryata ni ba. Sun sa an yi wa sifirin walda a nan Narayi, ta sake tsagewa kafin mu dawo daga wata jana'iza. Wani ya cusa guntun katako a wurin tsagar. Ka gaya musu motar ta tsufa, kayanta sun ɓace daga shaguna, sai a Panteka, can tsallaken kogi, cikin ƙarafan tsofaffin motoci, kuma sifirin biyu ake sauyawa tare, sai wanda ya ga motar da idonsa ya zaɓo masu dacewa. Ka ce Dauda zai iya, shi ya san ta tun tana da ƙarfinta. Dattawa suka yanke hukunci biyu a zama ɗaya. Mota mai gicciye da sunan coci a jikinta ba za ta ƙetare kogi ba. Kuma ba za a shigo da mutumin can harabar coci ba. Bayan wata guda garin ya sake kamawa da wuta, sai suka ce, "Kun gani ko?"

Motar ba za ta je ba. Mai gyara ba zai zo ba. Kogin da muke ƙetarewa da ƙafa a kan gada muna yara don sayen kifi ya zama katanga. Aka ce mana soja sun koma bariki, mun sami 'yanci, mun yi zaɓe har sau biyu, amma ba mu iya kai mota gareji a garinmu ba.

Kai kuma aka bar ka a tsakiya. Wani kamfani a Kakuri ya nemi ka tuƙa masa sabuwar mota. Na ce ka tafi. Na yi maka tsawa a gaban matarka. Ka ce, "Yaya, in na tafi ba ajiye ta za su yi ba. Wani za su ba, wanda bai san halinta ba, kuma ke ce a kujera ta biyu." Ka ƙi aikin, ka zauna. Ƙwarewarka ce ta ɗaure ka. Duk tafiyar da ka dawo da mu lafiya ta zama hujja a hannun dattawa cewa motar lafiyarta ƙalau. Ba zan ce motar ce ta kashe ka ba, ni ba likita ba ce. Amma na san daren kowace tafiya ba ka iya cin tuwo, Saratu ta gaya mini.

Yanzu ga inda muke. Dattawa sun tsara cewa ranar Asabar wannan motar ce za ta ɗauki akwatinka, da Saratu, da 'ya'yanka, da mata iya waɗanda suka samu wuri. Sun samo direba, mutumin kirki, wanda bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Har an fara maganar ta wane gefe za a jingina akwatin. Wilson, suna so su auna ka kai ma.

To, bari kowa ya ji a nan. Makullin motar yana hannuna. Saratu ta ciro shi daga aljihun wandonka ta ba ni, kuma ba zai fita daga jakata ba sai an sauya sifirin nan biyu, da shokazoba, da robar sandar gaba. Jiya na aika wa Dauda ta hannun wata mai sayar da doya da ke ƙetarewa kullum, don mata ba su daina ƙetarewa ba, maza ne suka daina. Bai san ka rasu ba. Ta ce da ya ji sai ya zauna a kan taya. Sannan ya ce a gaya mini ranar Alhamis da hantsi zai zo bakin gada da kayan aikinsa, amma yana tsoro, ba zai ɓoye ba, yana roƙon wani ya tarye shi ya shigo da shi.

Dattijo George, ranka ya daɗe, ina girmama furfurarka. Mutumin da ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙofa yana neman wanda zai yi masa rakiya ya zo ya kwanta ƙarƙashin motarmu. Ni zan kasance a bakin gadar. Mama Deborah ta ce za ta zo, kuma ta ce wannan karon ita za ta zaɓi gefen da za ta tsaya. Idan harabar coci ta gagara, za mu tura motar waje a gyara ta a kan titi. Akwai wuri ga duk namijin da ya ga dama.

Saratu, ƙanwata, Ubangiji ya ba ki haƙuri, ya zama uba ga Kevin da Lizzy. Dangi, da Zumuntar Mata, da Dauda da iyalinsa a can tsallake, Allah ya ta'azantar da mu duka. Ya gafarta wa ƙanena kurakuransa, ya karɓe shi cikin jinƙan Yesu Almasihu, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba.

Wilson, saki sitiyarin. Ka daɗe kana riƙe mu a kan hanya. Ranar Asabar za ka tafi gida a mota mai tsayuwa daidai, ko kuwa mu ɗauke ka a kafaɗa, tunda kafaɗun namu sun saba.

Yayarka,
Eunice Tagwai, Narayi