Tambaya Maƙeri da Ƙahon Bindiga Arba'in da Uku

Da zarar an idar da sallar asuba, Malam Tambaya yakan hau kekensa ya bi gefen babbar magudanar ruwa har zuwa maƙerarsa da ke bakin kasuwar Bunkure. Yakan hura gawayi, ya jera laujuna da fartanyun da aka kawo gyara, ya duba bututun injin ban-ruwa da ya tsage. Kafin ya ɗaga masaba, sai ya ciro 'yan matosai biyu daga aljihu ya cusa a kunnuwansa, duk da cewa abin da ya rage masa na ji kaɗan ne ƙwarai. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan sana'a. Bayan girbin shinkafar ranin bana zai rufe maƙerar, domin hannunsa ya fara rawa. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in rubuta abin da na gani da abin da aka shaida mini game da shi, tun yana raye.

Shekara biyu da suka wuce aka turo ni ƙaramin asibitin yankin, bayan na kammala difloma a fannin lafiyar al'umma. Ban daɗe ba mata suka fara kawo mini ƙorafi iri ɗaya: maigida ba ya amsa kira, maigida yana ƙure rediyo. Na tara mazan, na tsaya a bayan kowannensu ina raɗa masa lambobi a kunne ɗaya bayan an toshe ɗayan. Cikin mutum talatin da ɗaya, ashirin da biyu ba su ji raɗar da kunnen hagu ba. Sau uku na maimaita gwajin, don na ɗauka ni ne na yi kuskure. Mafi yawansu ba su kai shekara arba'in ba.

Dukkansu masu korar tsuntsu ne. Idan shinkafa ta yi nono, jan-baki kan sauko mata dubbai, su tsotse gona cikin yini guda. Mutanen nan sukan ɗura albarushi zalla a bindigar toka, babu harsashi, su yi ta bugawa sama tun fitowar rana har faɗuwarta.

Da na faɗa musu sakamakon, dariya suka yi. Shugabansu, Uba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Likita, ai kunnen ne ya saba. Sabon shiga ne kunnensa ke kuka kwana uku. Mu da muka ƙware, ko a jikinmu."

Na tsaya ina kallonsa. Ashe kurumtar ce suke ɗauka ƙwarewa, har suna taya juna murna idan ta zo.

"In wa'azi kake so," in ji Uba, "je ka wurin taubashina, kurman maƙerin can. Bakinku ɗaya."

Na sami Malam Tambaya yana wasa lauje. Sai da na tsaya a gabansa ya ga bakina kafin ya amsa sallama. Ban ƙarasa bayani ba ya katse ni da babbar murya.

"Na hagu ne, ko? Mai bindiga a kafaɗar dama yakan karkata kai, kunnen hagu ya fuskanci bakinta. Shi ke fara mutuwa." Ya ajiye laujen. "Zauna, ɗana. Ni na jawo musu."

Ragowar labarin daga wurin matarsa Zuliha da dattawan kasuwa na samo shi. Shekara goma sha takwas da suka wuce, a wata shekarar da tsuntsu ya yi yawa, Malam Tambaya ya ƙera wani guntun bututu mai faɗin baki da hudoji a gefe, ya liƙa a bakin bindiga don ƙararta ta kai nesa. Mutane suka sa masa suna ƙaho. Aka yi ta layi a ƙofar maƙera, har ya ɗaura guda arba'in da uku, kuma kowanne da hannunsa ya gwada shi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, hudojin gefen nan kan maido da ƙarar kan mai harbin da na kusa da shi.

"A sallar Juma'a ya gane," in ji Zuliha. "Liman ya yi kabbara, sahu duk ya ɗago, shi yana nan a sujada yana jira ya ji. Sai da na kusa da shi ya taɓa shi. Ya dawo gida ko ruwa bai sha ba. Da muka je asibiti a Kano aka ce abin da ya tafi ba ya dawowa, washegari ya ɗaura zarto a keke."

Kai ne, Malam Tambaya, ka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya kana roƙon mutane su bar ka ka yanke abin da suka yi maka kirari a kansa. Kai ne ka tsaya a gaban jama'a ka ce aikin hannunka cuta ne, alhali ba wanda ya tuhume ka. Ka fara da auduga, ka gane ita kaɗai ba ta tare komai, ka cuɗa ta da kakin zuma, daga baya ka riƙa sayo matosai na soso daga birni kana rabawa. Da na koma kan takarduna, sai na tarar mutum taran nan da suka ji raɗata sarai, su ne waɗanda suka karɓi matosai daga hannunka tun suna sababbin shiga.

Lokacin da na zo, saura ƙaho huɗu. Ɗaya yana hannun Uba, kuma a gabana aka karɓe shi, ranar kasuwa.

"Namiji da toshi a kunne kamar kwalbar man gyaɗa?" in ji Uba. "Ka bar wa mata wannan."

Malam Tambaya, wanda ke kallon bakinsa, ya ce, "To, jarumi, juya mini baya."

Uba ya juya yana murmushi. Malam Tambaya ya matsa ta hagunsa, ya sassauta murya ya ce, "Uba ɓarawon tumatir, wanda akuya ta taɓa kora har cikin ruwa." Kasuwa ta kwashe da dariya. Uba ya waiwayo yana tambaya, "Me ya ce? Me ya ce?" Ba wanda ya faɗa masa. Murmushin ya bar fuskarsa. Kafin la'asar ya kawo bindigar.

Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne Malam Lukmanu, matashin malamin Islamiyya mai shekara ashirin da tara, wanda ya gaji bindiga mai ƙaho daga yayansa. Kunnensa na hagu ya riga ya raunana, na dama ne kawai lafiyayye, kuma da shi yake sauraron haddar ɗalibai. In wannan ya tafi, koyarwarsa ta ƙare. Sau biyar Malam Tambaya ya je gonarsa don ya yanke ƙahon.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Lukmanu. "Kwana tara ya rage shinkafar ta yi ƙwari. Ita ce abincin gidanmu na shekara. Bari a wuce wannan."

"Malam, kunne ba ya jiran girbi."

Bai ba da ita ba. Kwana biyu bayan haka, wata ɗalibarsa mai suna Mansura, wadda ke dab da sauka, tana kawo hadda ta gefen hagunsa, sai ta yi shiru da kanta. Ta ce, "Malam, na tsallake aya, ba ka tsayar da ni ba."

Lukmanu da bakinsa ya gaya mini cewa a nan ne ya gane girman abin. Bai san ayoyi nawa suka wuce shi a baya ba, a bakin ɗalibai nawa. Ya sallami ajin, ya ɗauki bindigar ya nufi maƙera.

Malam Tambaya bai yi masa faɗa ba. Ya yanke ƙahon, ya rufe maƙerarsa mako guda, ya bi shi gona. Suka ja igiyoyi suka rataya gwangwanaye, suka riƙa harbi jefi-jefi, kowa da matosai a kunne. Duk da haka tsuntsu ya ci kusurwar gonar ta gabas, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bayan wata shida na sake gwada Lukmanu. Na hagu bai dawo ba. Na dama yana nan daram.

Mun gode, maƙerin da ya fi ƙarfin ƙarfensa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya musanya maka abin da ka rasa da mafificinsa. Ina kira ga duk mai buga bindiga a gona ko a wurin biki da ya toshe kunnensa kafin ya ja kunama, ya kuma sani cewa kunnen da ya daina kuka ba sabawa ya yi ba. Ina kira ga masu sana'a, manya da ƙanana, da mu koyi bin sawun kuskurenmu kamar yadda wannan bawan Allah ya bi nasa.

Na tambaye shi ko akwai abin da yake so in ƙara. Ya ce, "Ka rubuta cewa saura biyu. An sayar da su wajen Garun Mallam, ban san hannun wa suke ba, kuma ƙafata ba ta kai can yanzu."

Ranar Alhamis, da ba a makaranta, Malam Lukmanu ne ya ɗauki zarton ya shiga motar Garun Mallam. Wanda ya gan shi zai yi masa sallama, ya tsaya ta damansa.