Kusurwar da Babu Waliyyi

Don Melquíades Tovar mai zanen godiya ne. Katanga ɗaya ce ta raba shagonsa da inda nake gasa tortilla, wainar masara, a gangaren da ke zuwa mahaƙar azurfa a Guanajuato. Idan mutum ya faɗa rijiya ya fito da rai, ko alfadari ya harbe shi bai mutu ba, wurinsa yake zuwa. Shi kuma sai ya yanko fallen kwano, ya zana waliyyin da aka roƙa a kusurwar sama, masifar a tsakiya, a ƙasa ya rubuta godiya. Daga nan a kai coci a rataye.

Ni dai zanensa bai taɓa burge ni ba. Mai baƙin ciki, koriyar fuska yake yi masa. Mai jira kuwa, hannuwansa sun fi kansa girma.

"Don Melquíades, wannan ai ba mutum ba ne, kwaɗo ne," na taɓa ce masa.

"Ke dai ji da masararki, maƙwabciya. Mai son kamanninsa ya je wurin mai hoto. Ni abin da ke cin mutum a ciki nake zanawa."

Abin haushin, waɗanda aka yi wa zanen ba sa gardama. Suna kallo sai ka ji sun ce, ai kuwa haka na ji ranar.

Doka ɗaya ce a sana'ar: sai an tsira ake zane. Shi ya sa da ramin mahaƙar ya rufta da ɗansa Hilario, ko gawar ba a samu ba, bai ɗiga fenti saboda shi ba. Ana gama addu'a a coci ya buɗe shago, ya ci gaba da zana 'ya'yan wasu da aka ciro da rai. Shekaru suka shuɗe bai ƙara furta sunan yaron ba. Wannan ya yi mini ciwo, don a hannuna Hilario ya girma, amma ko ta'aziyya tsohon bai bari na yi masa ba. Ya rame, gemu ya yi fari, kowa na gani abin na cin sa.

Wata safiya sai ga Crescencia, wata matashiya da aure ya kawo daga ƙauye, sanye da baƙaƙen kaya.

"Baba, zane nake so."

"Wane waliyyi ya taimake ki?"

"Babu."

"To wa ya tsira?"

"Babu wanda ya tsira. Mijina yana ƙarƙashin dutsen can."

"'Yata, ba a yin haka. Godiyar me zan rubuta?"

"Kar ka rubuta komai. Duk wanda ya shiga coci yana ganin wahalar waɗanda aka amsa musu. Tawa fa? Ni ma na roƙa, har gwiwata ta yi kanta."

"Limamin coci ba zai rataye shi ba."

"Ina da ƙusa a gidana."

Na leƙo ta kan katanga na ce, "Yi mata mana, tsoho. Ko fentin naka ma sai masu sa'a?"

Ya harare ni, ya daɗe yana goge burushin da babu komai a jikinsa. Can ya ce ta dawo bayan Lahadi.

A kwanakin nan bai karɓi aikin kowa ba, tortillar da nake miƙa masa ma a kan katanga take bushewa. Ranar da Crescencia ta dawo, na bar murhuna na bi ta ciki, ba tare da an gayyace ni ba.

Ya zana bakin ramin baƙi ƙirin, sama jawur. Ga Crescencia a tsaye, koriya, da manyan hannuwa a buɗe. Ƙasan babu rubutu. Kusurwar waliyyi kuwa ya bar ta kwano zalla, ko fenti bai shafa ba.

Ta kalla har hawaye suka zubo, ta ce, "Haka ne." Sai ta nuna da yatsa. A bayanta akwai wani ɗan tsoho, shi ma kore, da hula a kansa, hannuwansa har suna jan ƙasa.

"Baba, wannan fa? Ai ni kaɗai na rage a wurin ranar."

"Ya riga ki zuwa. Tun kina yarinya yake tsaye a nan."

Ita ba ta gane ba. Ni kuwa na san hular, ga ta nan rataye a bayan ƙofa.

"In bai yi miki ba, sai in goge shi," ya ce.

"Wa yake jira?" ta tambaya.

Tsohon ya dubi zanen.

"Hilario," ya ce. "Sunansa Hilario."

Ta ce a bar shi. Ta kafa zanen a kicin ɗinta, kusa da murhu. Don Melquíades ya koma zanen godiyarsa kamar da, amma har ya mutu, duk Lahadi in an taso daga coci sai ya bi ta gidan, ta ajiye masa kujera a gaban zanen, ta ci gaba da aikinta.