Toka a Bayin Inna

Shekarar da ciwon gwiwa ya tsananta wa uwar mijina, muka ɗauko ta daga Garatu zuwa gidanmu na Maitumbi don ta yi kusa da asibiti. Inna nake ce mata, kamar yadda ɗanta ke kiranta. Tsuguno ya gagare ta, shi ya sa maigidan ya sa aka kafa mata masai na zama a bayin ɗakinta, irin mai tankin ruwa ta baya. Na nuna mata yadda ake danna hannunsa ruwa ya sauko. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya yi albarka.

Da farko lafiya lau. Sai wani mako na lura tuwonta yana dawowa kusan yadda na kai shi. Kofin ruwanta ma yana wuni a cike. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa maganinta ba a shan sa da yunwa, kuma ta yawaita shan ruwa. Na canza miya, na dama kunu, na sayo mata awara. Ta ɗan taɓa ta ture. Leɓenta ya bushe, in ta miƙe sai ta dafa bango. Rannan ta ce wa ɗanta ita fa Garatu za ta koma, alhali allurarta ba ta ƙare ba.

Suruka ba a tsare ta da tambaya. Sai na zuba ido ina dubawa. Abu ɗaya na gani, tun kwanaki ta hana ni wanke mata bayi, wai da hannunta take so.

Wata safiya tana zaune a tsakar gida tana shan hantsi, na shiga da tsintsiya kamar shara ta kawo ni, na tura ƙofar bayin. Ruwa ya taso har kusa da bakin masan, launin toka-toka, yana tsaye cik. A bayan ƙofa ga wani gwangwanin madara cike da toka. Nan na tuna yadda nake tarar da kurfotina na gawayi a share tas kowace safiya, har ina sa wa 'yata albarka. A ƙauye haka mace mai tsafta ke yi, in ta fito daga masai ta watsa toka saboda wari da ƙuda. Inna ladabi take yi mini. Da abin ya toshe, sai ta daina ci da sha don kada buƙatar shiga ta kama ta.

In na gaya wa maigidan, na san mai gyaran famfo zai kira, namiji baƙo ya shiga bayinta, ya fito yana faɗin abin da ya gani a gaban kowa. A ranar za ta haɗa kayanta. Sai na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata, wata mai sayar da kayan miya, wadda ta daɗe da irin wannan masai. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Maman yara, kai ka dafa tuwo a ciki ne?" ta ce da ta leƙa.

Na roƙe ta ta rage murya. Ta toshe baki tana dariya.

Ta ce kada in kuskura in sake danna ruwa, ambaliya zai yi. Ta murɗa ɗan famfon da ke ƙasan tankin ta rufe shi. Muka kwashe ruwan da tsohuwar roba zuwa bokiti, muka bar wanda zai rufe ramin kawai. Ta kawo robar nan mai sanda da ake kifawa a bakin rami, ta nuna mini: a danna a hankali iska ta fita, sannan a riƙa dannawa ana ja da ƙarfi. Na yi har kafaɗata ta gaji. Ruwan bai motsa ba.

Ta ce toka ba takarda ba ce, ta kwanta ne a lanƙwasar da ke ƙasa ta daskare kamar laka, sai hannu. Na sa leda biyu na ɗaure a gwiwar hannu, na yi bismilla. Na yi ta kwasowa, har da ƙananan gutsattsarin gawayi. Bayan nan muka zuba garin sabulu da ruwan ɗumi. Ta hana ni tafasasshe, wai yana fasa tangaran. Muka ɗan jira, na sake dannawa da robar, ita kuma ta ɗaga bokiti daidai ƙugu ta juye a tashi ɗaya.

Sai muka ji masan ya yi wani irin gyatsa, ruwan ya juya ya wuce. Na zauna a ƙasa. Muka buɗe famfon, tankin ya cika, muka danna sau da yawa don ragowar tokar ta isa ramin sokawe.

Da maƙwabciyar ta tafi, na wanke jikina na je na durƙusa gefen tabarmar Inna. Na ce mata bayinta ya ɗan toshe amma ya buɗe, irin wannan masai haka yake, ba ya ɗaukar komai sai ruwa, ko toka ba ya so.

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ashe ban fasa masa abu ba? Na ce yaron nan ya kashe kuɗinsa, ni kuma na zo na lalata."

"Babu abin da ya fashe, Inna. Zo ki gani."

Ta dafa kafaɗata muka shiga. Da kanta ta danna, ta tsaya tana kallon ruwan har ya gama sauka. Ta sake dannawa. Sannan ta tambaye ni ko maigidan ya sani. Na ce aikin mata ne wannan, me ya kai shi ciki.

"To, 'yar nan," ta ce, "ɗumamo mini tuwon jiya. Ki sa man shanu."