Fastar Tagwaye a Shagon Al Asmakh

Jama'a, ku zo ku ji!

Kun san ni da tara tsofaffin fastocin wasan dandali, musamman na tagwayen da aka haifa a manne. Yau ina gudun cunkoson 'yan kallon Kofin Duniya, na faɗa wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Al Asmakh. Sai ga fasta! 'Yan mata biyu manne a ƙugu, kowacce riƙe da goge, takardar har ta yi ja don tsufa.

Kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ba ni biyu." Haka Inna ta sabar mana tun muna yara, ba a saya min abu a bar Hassana, abokiyar tagwaitakata. Na manta korona ta raba ni da ita, Allah Ya jiƙanta.

Dattijon mai shagon ya ce, "Ɗaya ce tak, 'yata, khalas, shi ke nan."

Zai naɗe ta ke nan, ya tsaya. "Wannan ta yi kauri!"

Ya sa farce a gefe. Wallahi wata ce liƙe a bayanta, iri ɗaya sak!

Ya ce, "In raba miki su?"

Na ce, "A'a Baba, bar su haka."