Wilin da Aka Kai wa Maƙeri

Har gobe ban yarda da abu mai ƙyalli ba. Ko kwano zan saya sai na juya gindinsa na duba. Jikokina suna cewa rigimar tsufa ce, ni kuwa na san inda na samo ta.

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, ina ɗinki a gidan yayana a Kontagora. Shi fataucin hatsi yake yi, kuma bai daɗe da sayen wata tsohuwar akori-kura ba. Ya koyi tuƙi, amma motar kanta bai san ta ba. Yana dai sonta kamar 'yar fari, kullum da tsumma a hannunsa.

Ƙarshen daminar nan ciwon Baba ya tsananta, aka ɗauko shi daga ƙauyenmu na gefen Dukku ta ƙasar Kontagora zuwa asibiti. Da likita ya ce mu koma da shi gida, duk mun gane. Baba ma ya gane. Hausarsa dama ta cin kasuwa ce, yarenmu ya saba yi, amma ranar da ita ya yi magana, don kowa ya ji.

"Ku kai ni gida. Kada in mutu a garin mutane. In ga dawata, in kwanta ɗakina."

Abin da ya roƙa ke nan, bai ƙara komai ba.

Wilin motar, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, duk huɗun sun yi tsatsa. Yaya ya ce ba zai mai da ubansa gida a kan wannan abin kunya ba, gari na kallo. Akwai wani mai kawo kayan mota daga kudu, shi ya nuna masa wasu farare tas, ya ce na kowace mota ne. Yaya ya ƙirga ramukan noti, ya ga daidai suke da nasa, ya saya. Da aka zo ɗaurawa sai suka ƙi shiga. Tazarar ramukan ta saɓa da ta motar, da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba.

Mu mutanen ƙauye, duk ƙarfen da ya yi gardama maƙera muke kai shi, fartanya ce ko gatari. Can Yaya ya nufa. Maƙeri ya sa magagari ya buɗa ramukan, wili ya shiga, aka ɗaure noti tamau. Wuni guda aikin ya ci, Baba yana kwance yana kallon ƙofa. Na ce, "Yaya, biki za mu ne?" Ya ce in bar shi, ban san mota ba. Gaskiyarsa, ban sani ba. Shi ma haka.

Washegari da hantsi muka shimfiɗa katifa a baya. Da aka fito da Baba ya ga ƙyallin, sai ya murmusa ya ce, "Amarya za ku kai ne?" Yaya ya ji daɗi, baki har kunne. Dariyar Baba ta ƙarshe ke nan da na gani.

Ni da Inna muna baya, kansa a cinyarta. A babbar hanya lafiya lau. Da muka shiga ta daji mai gargada, sai na fara jin wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinmu. Na buga rufin, Yaya ya tsaya, ya tarar notin sun saki, ya ɗaure. Muka ɗan taɓa tafiya, suka sake saki. Ramin da aka buɗa ba ya riƙe noti, wilin sai wasa yake yi yana cin ƙusoshin. A wata gangara ƙafar baya ta fice, na gan ta da idona tana gudu cikin ciyawa ita kaɗai, motar ta durƙusa gefe guda.

Babu wanda ya ji ciwo. Akwai safayar taya, amma ƙusoshin da za a ɗaura ta sun kakkarye. Muka kwantar da Baba a gindin wata kaɗanya. Wani Bafulatani mai kiwo, Allah ya saka masa, ya bar wa ɗan'uwansa shanu ya ruga ƙauyenmu kiran mutane. Daga inda muke ana hango dutsen garinmu.

Baba ya buɗe ido ya ce, "Mun iso?"

Yaya ya durƙusa ya ce, "Mun kusa, Baba. Ga dawa nan, duba."

Akwai gonar wani a bakin hanya, ta fitar da kai. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wannan ba tawa ba ce."

Mutanenmu sun zo da gado don su ɗauki mara lafiya, gawa suka ɗauka.

Na san kwana ne ya ƙare, kowa ya faɗa mini. Amma na yi fushi, fushin da ya daɗe bai sauka ba. Yaya bai taɓa kare kansa ba. Ya mai da tsofaffin wilinsa, ya yi ta tuƙi har ya tsufa. Duk saurayin da ya zo masa da zancen sabon wili sai ya zaunar da shi. Ya ce ƙirga rami bai isa ba, a auna tazararsu, a duba ramin tsakiya ya zauna daram, a ga ko kan noti ya dace da mazauninsa, a tambayi nauyin da zai ɗauka. In bai shiga da kansa ba, a mai da wa mai shi. Ba ya gaya musu dalili.

Wilin da ya fice kuwa, masu kiwo suka tsinto shi, daga baya aka rataye shi a bishiyar makarantar ƙauyenmu ya zama ƙararrawa. Ƙararsa har cikin gidanmu. Na ce zan sa a sauke shi, Yaya ya ce in bari.

Wata safiya mun je gida, muna shan kunu a ƙofar ɗakin Baba, aka buga ƙararrawar. Yaya ya ajiye ludayi, ya sunkuyar da kai har ƙarar ta mutu. A ranar fushina ya sauka. Na tura masa ƙwaryar na ce, "Sha, Yaya, zai huce." Bai sha ba.