Hannun Kawu Mai Sauro

A danginmu akwai mai kiwon kaji, akwai mai kiwon tumaki, amma mutum ɗaya ne ya tashi da kiwon sauro, kuma kawuna ne, yayan mahaifiyata. Tun ina yarinya nake jin kunyar faɗar sana'arsa a makaranta. In an tambaye ni sai in ce a jami'a yake aiki, in yi shiru a nan, a ɗauka malami ne.

Gaskiyar magana, wani ɗaki yake kula da shi a bayan ginin nazarin halittu. Ƙofa biyu gare shi, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Da ka shiga gumi zai karyo maka, don da gangan ake riƙe ɗakin da ɗumi da laima. Hannun dama kejoji ne na raga, cike da sauro. Hannun hagu kuwa farantai ne a jere, da ruwa a ciki, tsutsotsin sauron suna ta wutsil-wutsil. Kawu ya shiga ɗakin nan yana saurayi mai shara, ya yi furfura yana shugabansa.

Sauron nasa ba irin na kwata ba ne, kuma kada ka kuskura ka haɗa su a gabansa. Zuri'a ɗaya ce da ake riƙe da ita tun kafin a haife ni, ba ta taɓa shaƙar maganin sauro ba. Wannan ne amfaninta. In ana son a san ko sauron gari ya fara raina magani, da na Kawu ake gwada shi. Sassa uku ne suka jingina bincikensu a kan ɗakin: wata likita mai bin zazzaɓin cizon sauro a jikin yara, da farfesan halittu, da wani daktan lissafi mai hasashen inda cutar za ta dosa. In zuri'ar nan ta ƙare, babu kasuwar da za a sayo wata, aikin mutum uku ya tsaya, na Kawu kuma na tsawon rayuwa ya tafi.

Saboda haka gidansa ya zama gidan dokoki. Ba a fesa magani, ba a kunna na hayaƙi, shi kansa ba ya shafa turare. Gidan sauron da suke kwana a ciki ma tela ya ba ya ɗinka masa, fari fat, mara magani. Inna, matarsa, ta daɗe da haƙura. Takan ce, "Kowa mijinsa ya dawo da tsaraba, ni nawa ya dawo da labarin wanda ya ci jini da wanda ya ƙi ci."

Yana da wata ɗabi'a da duk sashen suka sani. Akwai ma'aunin zafi a rataye, amma Kawu bai yarda da shi ba. Kowace safiya sai ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya yana tsoma ɗan yatsa, kamar mai haɗa wa jariri ruwan wanka, yana cewa, "Kun kwana lafiya, 'yan albarka?" Farfesa ya yi magana har ya gaji.

Ana haka 'yarsu ta samu aiki a nesa, ta kawo musu jikarsu su riƙe. Kumatu muke ce mata, kuma sunan ya bi jiki. Ba ta daɗe ba zazzaɓi ya kayar da ita, har sai da aka ba ta gado a asibiti. Kumatun nan suka zube. Na je dubiya na tarar da Inna zaune bakin gado. Da aka sallame su, yarinyar ta koma kwana a gadon kakanninta, a tsakiyarsu.

Bayan nan ne mutuwa ta shiga ɗakin Kawu. Ya zo da safe ya gaishe da tsutsotsi suna rawa, kafin a tashi aiki ya ga sun yi lamo a gindin faranti. Likita ta ce wataƙila ƙwayar cuta ce, ta ɗebi ruwa ta tafi da shi. Farfesa ya zargi abincinsu, aka canza, ya zargi famfo, aka koma ruwan gora. Aka wanke ɗakin tas, aka tuhumi mai fenti da mai yankan ciyawa. Kawu kuwa ya ninka kulawa. Da sau ɗaya yake tsoma yatsa, sai ya koma tsomawa safe da rana, yana lallashi. Kejojin suka fara zama fanko. Ya rame, ya daina wasa da mu, kuma a lokacin ne na fara jin tausayinsa maimakon dariya.

Daktan lissafi mutum ne da bai taɓa shiga ɗakin ba, don tsoron cizo yake kamar me. Daga bakin ƙofa ya roƙi a riƙa gaya masa wane faranti ya mutu, yaushe, kuma wa ya taɓa shi. Ya tafi ya yi ta zane-zanensa. Ranar da ya dawo, ya kira Kawu gefe, ya cire tabarau yana gogewa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Farantan da ke can saman kanta, waɗanda hannunka ba ya kaiwa sai da tsani, lafiyarsu ƙalau. Ranakun da ba ka zo ba ma babu wanda ya mutu."

Kawu ya dube shi. "Dakta, me kake nufi? Ni ne nake kashe su?"

"Ni dai lissafi ne ya nuna min hannunka. Abin da ke jikin hannun, wannan ba fannina ba ne."

Farfesa ya goge yatsun Kawu da auduga, likita ta kai aka auna. Maganin sauro ne, irin wanda ake jiƙa gidan sauro da shi. Nan take Kawu ya tuna cewa aikinsa na ƙarshe kowace safiya, bayan ya yi wanka ya shirya, shi ne naɗe gidan sauro, don ya ce Inna ba ta iya naɗewa ba.

Ina gidan ya shigo da rana tsaka, ko sallamar kirki babu. Inna tana guga a falo.

"Wa ya taɓa min gidan sauro?"

Ba ta ko ajiye dutsen gugar ba. "Ni ce, Malam. Ranar da muka dawo daga asibiti na sayo mai magani, na cire takardar jikinsa, na ɗinka masa bakin tsohon don kada ka gane."

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin kusa ƙarar da zuri'a guda!"

"Ban san zai bi ka wurin aiki ba, wannan ka yafe min. Amma naka suna da manyan malamai har uku a kansu. Ita wannan wa take da shi, in ba ni da kai ba?"

Ya wuce ta fuu ya shiga ɗaki, muka bi bayansa. Kumatu tana barcin rana a cikin ragar, baki buɗe, kumatun sun dawo har sun fi da. Kawu ya tsaya a kanta. Ya miƙa hannu ya kama gefen gidan sauron, na ce a raina shi ke nan, yau sai ya tsinke shi. Ashe wani lungu ya gani da ya zame. Ya durƙusa ya cusa shi ƙarƙashin katifa, ya bi gadon ya zagaye yana gyarawa da hannunsa, sannan ya fito ya ce a ba shi ruwa ya sha.

Daga farantan saman kanta aka sake tayar da zuri'ar. Binciken ya fito a mujalla da sunayen sassan uku, har da wani ɗan sakin layi a kan yadda magani ke bin hannun ma'aikaci, wanda Inna ta ce nata ne, a biya ta.

Kawu bai ƙara tsoma yatsa a ruwan nan ba. Farfesa ya ba shi safar hannu, ya gwada ya ce ba ya jin komai ta cikinta, ya haƙura da ma'aunin zafin da ya raina. Na raka shi wata safiya na ga yana bin farantan yana gaishe su, hannuwansa biyu a goye a baya. Na ce, "Kawu, yau ba za a taɓa 'yan albarka ba?"

Ya dube su. "Su yi haƙuri," ya ce. "Hannun nan na Kumatu ne yanzu."